Laburaren Jami'a: Ɗan Anka Aka Tsara Wa Ko Baƙon Abuja?

Waɗanda suka saba samun darasin gina tauraro ko warware ƙullin labari a nan su yi mana haƙuri, yau faɗa muka zo yi. Wanda za mu yi faɗan da shi ba ɗan wannan zaure ba ne, amma kada kowa ya gyara zama, domin kafin mu tashi sai bulalar ta lauyo ta same mu mu ma.

Kwanakin baya wata ƙanwarmu a wannan zaure, 'yar Gummi, ta fara rubuta labari a kan shekarar gubar dalma. Tana son ta san abin da ya faru daki-daki: yadda dalmar ke shiga jikin yaro, irin maganin da ake ba shi, abin da aka yi da ƙasar tsakar gidajen da aka kankare. Ba ta son irin rubutun nan namu na "likita ya duba ta ya girgiza kai". Muka ce ai abu ne mai sauƙi, mu biyu muka raka ta laburaren wata babbar makaranta da ba za mu kama sunanta ba. A bakin ƙofa aka ce ina katin shaidar ɗalibi. Muka ce marubuciya ce. Aka ce to ta kawo takarda daga shugaban sashenta. Malamar firamare wane sashe gare ta a jami'a? Da ƙyar da jiɓin goshi, bayan wani dattijo cikin ma'aikatan ya sa baki, aka bar mu muka shiga.

Kantar littattafan Hausa ba ta kai tsawon tabarma ba: Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, littattafan nahawu biyu ko uku, sai ƙura. Ɗakin kundayen digiri a kulle, mai riƙe da mabuɗin ya tafi gaisuwar mutuwa. Ɗakin kwamfuta kuwa abin sha'awa, an jera su reras, an lulluɓe kowace da leda, amma babu wuta, kuma ba a tayar da janareta sai an yi baƙi. A kan Bagega ko 'Yargalma ko warƙa ɗaya ba mu samu ba. Abin da muka samu shi ne wani allo mai gilashi a bango, an rubuta da Turanci cewa burin laburaren shi ne ya shiga sahun gaba a duniya.

Wannan allon shi ne abokin faɗanmu na yau. Duk wanda ya taɓa aiki a babbar makaranta ya san inda yake fitowa. Duk shekara biyar ko makamancin haka akan kafa kwamiti a ce ya rubuta kundin tsare-tsare. Kwamitin ya tafi otal ya yi bita, a ɗauko kundin wata jami'ar, wadda ita ma ta ɗauko na wata, a canza suna da tambari. A rubuta buri, a rubuta manufa, a zana jadawalin inda ake da ƙarfi da inda ake da rauni, a ce za a sayi kwamfuta kaza, a biya kuɗin shiga rumbunan mujallun ƙasashen waje kaza, a tura ma'aikata horo kaza. A buga shi da takarda mai sheƙi, shugaban jami'a ya sa hannu, a raba wa manyan baƙi. Ba mu ƙi tsari ba, wanda ya taɓa rubuta littafi mai babi talatin ba tare da tsari ba ya san wahalar da ya sha. Tambayarmu ita ce: lokacin da ake rubuta wannan kundi, wa ake gani a zuci yana shigowa ƙofar laburaren?

Mu dai a ganinmu mutum biyu ake gani, kuma duka daga Abuja suke. Na farko tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da ke zuwa tantance kwasa-kwasai. Na biyu jami'in TETFund, asusun da aka sake wa fasali a 2011 daga tsohon asusun harajin ilimi na 1993, wanda ke ware kaso na musamman domin laburare. Su biyun nan abin da ake ƙirgawa suke dubawa: kujeru, kwamfutoci, yawan littattafai da shekarar da aka buga su. Ba laifinsu ba ne, aikinsu ke nan. Amma idan mai girki ya san alƙalin gasar da ido kawai zai duba, ba zai ɗanɗana ba, to gishiri ba zai dame shi ba. Shi ya sa labarin littattafan da ake arowa a jera ranar zuwan baƙi, a mayar washegari, ya zama abin raha a tsakanin ɗalibai daga wannan jiha zuwa waccan.

Mu dawo gida. An ƙirƙiro Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Shekara da shekaru ɗan Zamfara mai neman digiri sai ya nufi Sakkwato, ya zauna a laburaren Abdullahi Fodiyo na jami'ar da aka kafa a 1975, ko ya nufi Zariya laburaren Kashim Ibrahim, ko Kano. Sai a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, sannan a 2018 aka kafa ta jiha a Talata Mafara, wadda ke cikin mazaɓar sanata ɗaya da Anka, Gummi da Bukkuyum. Jami'o'i ne yara, laburarensu ma yara ne, kuma wannan alheri ne, domin icen bai bushe ba, yana iya tanƙwaruwa. Su muke wa magana, da duk wanda zai zauna a kwamitin da zai rubuta musu tsari na gaba.

Ku fara da sanin wanda kuke yi wa aiki. Ɗalibin da ya fito daga Nasarawar Burkullu ko Ɗaki Takwas ba ɗalibin Ingila ba ne da ke kwana da intanet a ɗaki. Hanyarsa ta Gusau ta bi ta Anka ta ɓulle Mayanci, kuma duk wanda ke bin ta a shekarun nan ya san ba a tashi sai an tambayi labarin hanya. Idan aka yi hutu ya koma gida, ya rabu da laburare ke nan har a dawo. Idan aka shiga yajin aiki haka. Na 2020 ya ci wata tara. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. A haɗa su, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan yaro yana zaune gida, littattafan da aka saya da sunansa suna kulle a wani gari.

Za a ce ai shi ya sa ake maganar laburaren intanet, yana gida ya shiga ta wayarsa. Madalla. Ina kuke ranar 3 ga Satumba, 2021? A ranar aka kashe sabis ɗin waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka ce mako biyu ne. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi kuwa har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa shiga mota su ƙetara iyakar jiha domin su yi kira ɗaya. Da yawa cikin marubutan wannan zaure sun ɓace ɗif a lokacin, masu bin labaransu suna ta cigiya. Duk tsarin da ya ɗora komai a kan sabis, a jihar da aka taɓa kashe sabis da umarni ɗaya, wanda ya rubuta shi bai kwana Anka ba. Ko da akwai sabis ɗin ma, kuɗin data wa zai biya?

Abin haushin shi ne maganin wannan matsala tsoho ne, kuma a Nijeriya aka yi tunaninsa. Wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, ya yi shekara guda a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda intanet ke wahalar da mutane, ya koma Jami'ar Iowa suka ƙirƙiro eGranary, wato rumbun da ake cika shi da miliyoyin takardu a kawo a girke a makaranta, a karanta ba tare da sabis ba. Akwai kuma Kiwix, manhaja ta kyauta da ke ɗaukar Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a buɗe ta a waya ko da an kashe komai. Yaranmu ma sun riga jami'a gane wannan hanya: a kasuwar Gummi ko ta Anka ka miƙa memori a shagon masu cajin waya, a cika maka shi da finafinai da waƙoƙi da wa'azi a kan kuɗi kaɗan. Me ya hana laburare ya yi abin da mai shagon caji ke yi? Ɗalibi zai tafi hutu, ya miƙa wayarsa, a zuba masa littattafan kwas ɗinsa waɗanda doka ta yarda a raba, da kundayen sashensa. A samu ɗaki ɗaya a Anka, ɗaya a Gummi, ɗaya a Bukkuyum, ko a wata sakandare ne ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, a sa sola, a girke rumbu ɗaya da kanta biyu, da mutum ɗaya mai albashi wanda zai buɗe ƙofa. A Kenya tun 1996 hukumar laburarensu ta riƙa ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma tana bin makiyaya a yankin Garissa. Mu ba raƙumi muke nema ba.

To wannan maganar mai karatu ke nan. Wadda ta fi ci mana rai ita ce ta abin da za a ajiye.

Laburaren Gusau ko na Talata Mafara ba zai taɓa kamo na Zariya a yawan mujallun kimiyya ba, balle na Landan. Ko an ninka kuɗinsa sau goma ba zai kamo ba. Amma akwai fanni guda da zai iya zama na ɗaya a duniya, ba a allon bango ba, a zahiri, shi ne Zamfara kanta. Yanzu haka wanda ke son sanin Zamfara sai ya bar Zamfara. Littafin tarihinta da masana suka daɗe suna dogara da shi wani Bajamushe ne, Kurt Krieger, ya rubuta. Ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950, ya ji daga bakin dattawan fada, ya buga littafin a Berlin a 1959, da Jamusanci. Wato labarin sarakunan Zamfara, tun daga Dutsi, zuwa Birnin Zamfara da Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, zuwa zamansu a Anka, an karɓe shi da Hausa, an mayar da shi harshen da jikokin masu ba da labarin ba sa ji. Marigayi Dakta Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato a 1981, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Mu tambayi kanmu a nan zaure: mu nawa muka taɓa riƙe ɗaya daga cikin biyun nan a hannu? Ga shi kuma kullum muna rubuta labaran sarauta, muna ƙirƙiro masarautu masu sunayen Larabawa da Indiyawa, alhali a ƙofar gidanmu akwai daular da aka rusa birninta, sarakunanta suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari shekaru masu yawa kafin su zauna. Duk tsarin da zai ce a cikin shekara biyar za a samo waɗannan ayyuka, a nemi izini, a fassara su zuwa Hausa, ya fi mana wanda zai ƙara kwamfuta ɗari a ƙarƙashin leda.

Haka maganar gubar dalma. A 2010 ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: duwatsun zinari da ake kawowa gida a daka, a niƙa a injin hatsi, suna ɗauke da dalma, ƙurar ta cika tsakar gida, yara masu rarrafe su haɗiye ta. Yara fiye da 400 suka mutu. Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Guru, sai Bagega da ba a fara kankare ƙasarta ba sai 2013. An yi rubutu mai yawa a kan wannan masifa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012, likitoci sun buga maƙalu a mujallun duniya. Duka da Turanci, duka a hannun wasu. Yaron da ya tsira a Dareta yana ɗan shekara uku yanzu ya isa shiga jami'a. Idan ya shiga laburare ya ce a ba shi labarin abin da ya kashe ƙannensa da yayyensa, me za a miƙa masa? Ga haƙar zinari kuma ba a daina ba.

Sannan takardun da ke zaurukan malamai. Gummi ce ta haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Mutum irin wannan ba daga sama yake faɗowa ba, daga gidan karatu ya fito, kuma gidajen karatu irin nasu suna da yawa a wannan yanki, da gafakarsu, da waƙoƙin ajami, da wasiƙu, da takardun shari'a da na gado. Yau garuruwa nawa aka tasa? A farkon Janairun 2022 kaɗai an ƙone ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, saura suka watse. Mai gudun ceton rai ɗansa yake ɗauka, ba gafaka ba. Abin da wuta ta bari kuma ruwa na jiransa, kamar ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a Agustan 2024. Mutanen Timbuktu a 2012, ana tsakiyar yaƙi, sun kwashe dubban rubuce-rubucensu a akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, suka kai Bamako. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hoton takardun ajamin Hausa ta sa a intanet. Laburaren Birtaniya yana da shiri tun 2004 na ba da kuɗi domin ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma an yi aiki da kuɗin a Arewacin Nijeriya. Ba a ce a karɓe wa malami littafinsa ba, ba zai ma bayar ba, kuma yana da gaskiya. Kyamara ce da fitila da mutumin da malamin ya yarda da shi, a ɗauki hoto a mayar masa da abinsa. A haɗa da kasakasan makaɗa, su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da na ƙauye waɗanda sunansu bai kai rediyo ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana bin makaɗan nan yana rubuta tarihinsu, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Yanzu kuma namu littattafan. Jerin sunayen ƙagaggun labaran Hausa na zamani da aka fi sani, wanda ya tattara na 1987 zuwa 2002, littattafai fiye da 700, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka haɗa shi, aka buga a Jamus a 2004, kuma a Landan aka tara littattafan. A lokacin da wasu malamanmu ke kiransu adabin kasuwa suna toshe hanci, wasu suna bin Kasuwar Sabon Gari da Bata suna saye suna adanawa. Yau ɗalibi na iya neman bugun farko na wani littafin da ya yi tashe a Kano ya rasa a Kano. Na zamaninmu kuwa sun fi shiga haɗari, domin ko takarda ba su hau ba. Labari ne ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka riƙa sayar da littattafansu, an buɗe shi a 2013, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda ba shi da kwafi a wani wuri ya ji a jikinsa. Waya ta faɗa rijiya, an sace ta a tasha, an rufe shafi, littafi mai babi sittin ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba. Nan da shekara talatin wanda zai nemi sanin yadda matan Zamfara suka rubuta zaman gudun hijira, kuɗin fansa, da auren zawarawan da aka kashe wa maza, a ina zai duba?

Mun san amsar da za a ba mu, mun sha jin ta. Za a ce wannan ba ilimi ba ne, soyayya ce da shirme. Wani shirme ne kam, mu da muke karanta shi kullum mun fi kowa sani. Amma aikin laburare ajiya ne, hukunci na manazarta ne, kuma manazarci ba ya hukunta abin da ya ɓace. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da ake rantsuwa da su yau, gasar 1933 ce ta haife su. Da ba a samu hukumar da ta buga ta ajiye ba, da yanzu sai dai a ji labarinsu a baki.

Za a ce kuma laburaren jami'a ba na jama'ar gari ba ne, na malamai da ɗalibai ne, mai son karatu ya tafi na jiha. To a nuna mana na jihar a Bukkuyum mu je. Jami'a da kuɗin jama'a aka gina ta, kuma kowace jami'a tana faɗa da bakinta cewa ayyukanta uku ne: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Katin mai karatu na waje, wanda malamin firamare ko ma'aikaciyar asibiti ko marubuci zai yanka da kuɗi kaɗan a shekara, ya zauna ya karanta ko da ba za a ba shi aro ba, ba ya bukatar kwangila. Layi ɗaya ne a cikin kundin tsari, da umarni ɗaya ga mai gadi.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ƙarfi, ba za mu raina ta ba. Tun shekarun 1990 aka amince cewa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gudanar da jami'ar tarayya na laburare ne, kuma ma'aikatan laburare sun daɗe suna kukan cewa abin a takarda ya tsaya. Muna tare da su a wannan kuka. Da yawansu mutanen kirki ne masu son aikinsu, kamar dattijon da ya shigar da mu, an dai ajiye su a ƙarshen layi wajen rabon kuɗi. Hedikwatar Laburaren Ƙasa ma da aka fara ginawa a Abuja tun 2006 ta shafe shekaru tana tsaye ba a gama ba, balle na Zamfara. Amma a duba abin da muka lissafa. Manhajar Koha ta tsara sunayen littattafai kyauta ce. DSpace ta ajiye kundaye kyauta ce. Ƙagaggen littafin Hausa ɗari ba su kai kuɗin kwamfuta ɗaya ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne gini da kayan da ake shigowa da su, kuma su aka fi so saboda dalilin da kowa ya sani: a kansu ake ba da kwangila, su ake yanke wa kyalle ranar buɗewa. Ba wanda ke kiran gwamna ya buɗe fassarar littafi.

Sai maganar tsaro, cewa ba a iya tura ma'aikaci Bagega. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a tura kowa bakin mutuwa ba. Amma mutanen ƙauyukan ai sun taso, suna cikin garin Anka, suna Gummi, suna Gusau, wasu da 'yan takardunsu a ƙullin zane. Ɗaliban jami'ar kuma 'ya'yansu ne, kowane hutu suna komawa. Sashen Hausa da na tarihi duk shekara suna neman abin da ɗalibai za su rubuta kundi a kai. Laburare ya ba su na'urar ɗaukar murya, ya karɓi abin da suka kawo, ya tsara shi. Rashin tsaron shi ne ma dalilin gaggawar.

Kuma a canza abin da ake aunawa. Maimakon a ce an sayi kaza, a faɗa mana awa nawa ƙofa ta kasance a buɗe da wuta a wannan zango, mutum nawa suka nemi littafi suka samu, minti nawa ɗalibi ke jira kafin a fito masa da kundi, takardar Zamfara nawa ta shigo bana wadda babu ita bara. A liƙa amsar a inda allon gilashin nan yake.

Mun ce bulala za ta dawo, ga ta. Mu marubuta ba mu da bakin zagin laburare sosai. Mu nawa ne muka taɓa shiga? Mu nawa muka san cewa dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi uku? Ɗauki littattafanmu goma ka duba: babu shekarar bugu, babu garin da aka buga, babu lambar ISBN, sunan marubuciya kuwa "Maman wane" ko "Gimbiyar wance", sai jerin gaisuwa shafi biyu. Ma'aikacin laburare ko yana so, yaya zai rubuta wannan a kundinsa? Na intanet kuma ko cikakken kwafi ɗaya a wuri ɗaya wasunmu ba su da shi, sai an bi masu karatu ana roƙon wanda ya ajiye shafi na goma sha bakwai. Muna tsoron a sace mana fasaha, kuma tsoron yana da tushe, amma kwafin da ke laburare da hatimi da kwanan wata shi ne shaidar da za ka nuna ranar da wani ya mayar da labarinka fim ba da saninka ba.

Ƙanwarmu ta Gummi dai ta samu abin da take nema daga bakin wata gwaggonta da ta yi jinyar yara a Anka, da wani rahoton Turanci da aka turo mata a waya, muka zauna muna fassara mata sakin layi bayan sakin layi. Littafin ya kusa kammala.

Ga abin da muke roƙo a wannan mako. Duk mai littafi bugagge ya ware kwafi biyu. Wanda nasa na waya ne ya haɗa shi wuri ɗaya, ya sa cikakken sunansa, da garinsa, da shekarar da ya gama, ya fitar a takarda ko da a shagon kwamfuta ne, a ɗinke. Idan sun taru za mu kai Gusau da Talata Mafara da hannunmu, tare da wasiƙar neman katin mai karatu na waje, mu roƙi a buga mana hatimi a kan jerin sunayen. Bayan wata shida za mu koma mu tsaya a gaban kanta, mu nemi littattafan ɗaya bayan ɗaya da sunansu, mu zo nan mu faɗa muku nawa aka fito mana da su.